Koren Dutse a Hannun Raliya

Ni na raka Idrisu ranar da ya je zaɓen munduwar, don haka kada wani ɗan Zongo ya zo ya ce zai gaya mini yadda aka yi. Masu dogon bakin nan na yanzu, a lokacin suna zaune a ƙofar masallaci suna rabon shawarar da ba wanda ya tambaye su.

Idrisu ƙanena ne, ciki ɗaya, ni na goye shi. Sana'arsa kai raguna da kaji bakin waf, doguwar gadar ƙarfen nan da Turawa suka miƙa cikin teku don sauke kayan jirage. Kukun jirgi zai sauko ya latsa gadon bayan rago, su yi ciniki da yatsu da ɗan Faransancin da Idrisu ya tsinta a bakin ruwa. Matarsa Raliya kuwa kitso take yi a cikin gida. Ba ta fita, amma duk Zongon Lome an san hannunta, har matan Mina, 'yan asalin garin, masu shaguna a babbar kasuwa kan shigo su zauna a gabanta su ba ta kai. 'Yarsu ɗaya, Haulatu, lokacin bakinta ya fara buɗewa. Ni kuma tun da mijina ya rasu nake ɗakin ƙofar gida, ina suyar waina.

Shekarar da agana ta shigo Zongo, Idrisu ya kwanta. Abokan cin gasasshen nama duk suka ɓace, ko sallama daga zaure babu. Raliya ce ta zauna da shi a ɗaki, tana juya shi, tana goge masa ruwan ƙuraje, tana ɗura masa kunu. Da ya tashi, fuska duk zanzana, sai ya ɗauki alwashin zai sa mata a hannu abin da babu macen da ta taɓa sawa a Zongo. Na ce ya saya mata azurfa kamar kowa ya huta. Ya ce azurfa ai ko matar mai aski tana da ita. Idi ke nan, in ya kafe sai ka ce an dasa shi.

A cikin kuku-kukun da yake kai wa raguna akwai wani ɗan gajere, mutumin Annam, wata ƙasa can wajen Sin da ita ma Faransa ke riƙe da ita. Shi ya ce masa yana da mundayen wani koren dutse na ƙasarsu, Turawa na ce masa jad. Idrisu bai taɓa ganin dutsen ba, ni ma haka, haka ma duk wanda ke Zongo. Amma da ya yi kuskuren faɗa a ƙofar masallaci, nan take kowa ya zama gwani. Wannan ya ce kwalba za a kakaba masa, irin duwatsun wuyan da Turawa ke kawowa a buhu. Wancan ya ce sai sun zo kallon ranar da za ta faɗi ta tarwatse. Suka yi ta dariya. Tun daga ranar abu ɗaya ya cika masa kai, kada a ce kwalba ya saya wa matarsa.

Ya ce in raka shi, wai idon mace ya fi sanin kayan mata. Muka je da hantsi, yana jan wani ƙosasshen rago fari wanda shi za a bayar a maimakon munduwar. Muka sami kukun a inuwar kwakwa bayan ofishin duwan, wato kwastan, ya shimfiɗa hankici a bayan wani kifaffen kwalekwale, ya jera mundaye uku.

Ta farko kore shar, tana sheƙi, ita ta ɗauke mini ido. Ta biyu fara-fara ce mai ɗan kore a jiki, ta fi sauran faɗin baki. Ta uku mai kauri, korenta ya yi duhu kamar miyar kuka, ba ta wani ƙyalli.

Kukun nan bai ha'ince mu ba, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Shi da kansa ya ɗauki mai sheƙin, ya girgiza kai, ya nuna wata fasasshiyar kwalbar giya da ke yashe a rairayi, wato su ɗaya ne. Sannan ya shiga koya wa Idrisu yadda ake gane na gaske. Ya ɗora masa mai duhun a kunci, ga rana tana duka amma dutsen sanyi ƙalau, kuma bai yi saurin ɗaukar zafin jiki ba. Ya rataye ta a zare ya ƙwanƙwasa da cokali, ta yi wani ƙara siriri mai daɗewa, ta kwalbar kuwa ƙwas ɗaya ta yi shiru. Ya ɗaga su saitin rana, a cikin ta kwalba muka ga 'yan ƙananan kumfa, a cikin ta dutse wani abu kamar hayaƙi a kwance. Idrisu bai gamsu ba sai da ya zaro wuƙar fiɗarsa ya karta ta dutsen da ƙarfi. Ko gezau. Na ga fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun kafin ciwonsa.

Fara-faran ita ma dutse ce ta gaske, sai dai kukun ya bi gefenta da farce ya nuna mana wata 'yar tsaga siririya kamar gashi. Idrisu ya ture ta gefe. Ya ce matar da ta yi jinyarsa ba za ta sa abu mai aibi ba, mai kaurin yake so, wadda ba abin da zai fasa ta.

Sai maganar awo. Ya zo da zare da ya auna wuyan hannun Raliya, yadda muka saba yi in za a kai wa maƙeri. To mu mundayenmu suna da baki, a buɗa a sa, a matse. Wannan kuwa zobe ne rufaffe, sai dai hannu ya bi ta ciki gaba ɗayansa. Kukun ya kalli zaren ya ce a'a, ya lanƙwasa babban yatsansa cikin tafi, ya zagaya zaren a kan gaɓoɓin yatsu, wato nan ake aunawa. Wa zai koma Zongo ya sake awo, jirgi na shirin tashi da la'asar? Idrisu ya zagaya zarensa a cikin munduwar, ya ga akwai sauran fili, ya ce ta isa.

Har mun juya kukun ya sake kiran mu. Ya ɗaga hannunsa na hagu yana bubbuga shi, yana nuna munduwar, yana maimaitawa. Ya nuna na dama, ya kwaikwayi daka da wanki, ya dunƙule shi ya nuna ya fi girma. Idrisu ya murtuke fuska. Sai da muka wuce layin dogo ya yi tsaki.

"Yaya, kin ji mutumin nan? Wai hagu. Hannun da ake tsarki da shi. Kyautar da na yi mata ba za ta shiga bayan gida tana wanke ƙazanta ba."

Duk wanda ya tashi a gidan Musulmi abin da zai faɗa ke nan. Da dama ake bayarwa, da dama ake karɓa, abu mai daraja a dama yake zama.

Ina wajen kaskona aka sa ta, ban gani ba. Da na shigo na tarar da kumfar sabulu a tabarma, gaɓoɓin yatsun Raliya sun saɓule sun yi ja, tana dariya ga hawaye a ido. Wai sai da ya riƙe mata gwiwar hannu yana turawa tana cije zani. Amma ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Koren nan mai duhu a kan jan lalle, in tana kitso yana hawa yana sauka. Mata suka yi ta zuwa, wasu kitson ma ba su yi niyya ba, taɓawa suka zo yi. Na ƙofar masallaci suka ce a fito musu da ita su gani, Idrisu ya ce ba ta fita, yana faɗa yana ɗaga kafaɗa. In za ta yi alwala sai ta jujjuya ta ruwa ya shiga ƙasa. Haka aka ci damina guda lafiya lau.

Abin da ya jawo masifar bai kai a faɗa ba. Kifi ne ta saya a ƙofar gida wajen wata 'yar Mina, irin na teku mai ƙaya a gadon baya. Tana gyarawa ƙayar ta shige ta a gindin babban yatsa ta karye a ciki. Ta tsotse, ta ɗaure da tsumma, ta koma kan kitsonta cikin man shanu da dauɗar kai. Da hannun ya fara tashi sai ta lulluɓe shi da mayafi, masu zuwa kitso ta ce musu kanta ke ciwo. Mijinta yana fita tun asuba, bai lura ba. Ni ce na ga Haulatu tana kuka tana miƙa hannu a goya ta, uwar ta tsaya tana kallon ta kawai. Na je na fizge mayafin.

Hannun ya kumbura ya yi suntum yana ƙyalli, yatsun sun rarrabu ba sa haɗuwa. Munduwar da ke hawa tana sauka ta tsaya cak, nama ya taso ta gaba da baya ya kusa rufe ta.

"Yaya, don Allah kada ki gaya masa," in ji ta. "Cewa zai yi a fasa."

Raina ya ɓaci. Na ce a fasa ta mana, dutse ne ya haife ki? Na aika aka kira shi daga waf.

Babu abin da ba mu gwada ba. Sabulu, man kaɗanya, yauƙin kuɓewa, har naɗa zare a hannun daga yatsu don kumburin ya ja baya, ita kuwa tana cizon filo. Wanzami ya zo ya tsaga, ruwa mai wari ya fita, hannun ya ɗan saki muka ce alhamdu lillahi, washegari ya dawo ya fi na da. Liman ya aiko da rubutu, ta sha, aka shafa. Kowa ya shigo da nasa maganin, kowa ya fita ya bar mu da ita. Na ce a kai ta asibitin Turawa, aka yi mini caa, wai can in ka shiga da ciwon yatsa sai ka fito babu hannu, kuma ƙato ne zai kama matar aure yana lalube. Ita ma Raliya ta ce ta fi son ta mutu a ɗakinta.

Sai aka ɗauko Kimba maƙeri, wani Bazabarme mai ƙira a bayan mahauta. Ya zo da kayansa a buhu, ya zauna a tsakar gida, aka miƙo masa hannun ta bayan labule. Ya sa magagari ya yi ta gogawa har gumi ya jiƙa masa riga. Muka ga wani layi fari ya fito a jikin dutsen, muka ce ya fara ci. Ya sa yatsa ya shafa, layin ya goge tas. Ashe magagarin ne ke cinyewa. Ya kawo zarto, haƙoran suka dakushe. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin irin wannan ba, saura guduma kawai, kuma babu wurin cusa ko tsinke tsakanin dutsen da nama balle itacen da zai tare ƙashi. Ya ce shi ba zai daki hannun matar wani ba. Ya ajiye gudumar a gaban Idrisu.

Aka yaye labulen, don a lokacin ba wanda ke ta kunya. Na zauna a bayanta na rungume ta, na juya mata fuska cikin ƙirjina. Kimba ya ɗora gefen munduwar a kan maƙera ya riƙe gwiwar hannun. Idrisu ya yi bisimilla ya buga. Dutsen ya yi ƙara, Raliya ta sandare a jikina, muka duba ko tsaga babu. Kimba ya ce ya ƙara ƙarfi. Ya ɗaga ya sake bugawa, gudumar ta zame ta sauka a kan naman, abin da ke ciki ya fantsamo mana har fuska. Jikinta ya saki, ta suma.

Idrisu ya saki gudumar ya zauna a ƙasa daɓas. Ya daɗe yana kallon munduwar, sannan ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "Da kwalbar na ɗauka."

Na tausaya masa, Allah ya sani, amma ba ni da lokacinsa. Kafin wayewar gari yatsun sun fara baƙi, wani jan layi ya kama hanya daga munduwar ya nufi hammata, jikinta kamar garwashi. Ɗakin ba ya shiguwa don wari. Ban sake neman izinin kowa ba. Na fita na tare mai amalanke, na shimfiɗa tabarma a kai, na ce wa Idrisu ko ya kama mini ita ko ya matsa in ja ta ni kaɗai. Ya kama. Muka ratsa Zongo ana leƙowa ta kan katanga, muka bi ta gefen babbar kasuwa har unguwar Turawa. A hanya ta buɗe ido ta ce mini ta bar kan Salamatu rabi ba ta ƙarasa ba, a gaya mata ta dawo gobe.

Likitan Bature ne mai furfura. Ya buɗe tsumman, ya latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana kallon fuskarta, ba ta ko motsa ba. Ya yi magana, wani ma'aikacinsa ɗan Mina da ya iya Hausar Zongo ya fassara mana. Ya ce hannun daga munduwar zuwa ƙasa ya riga ya mutu, kuma mutuwar tana hawa. In an cire yau za ta rayu, in an bari sai dai a shirya likkafani. Idrisu ya tambaya ko Turawa ba su da abin da ke yanka dutse. Aka ce masa ko dutsen ya fita yanzu, hannun ba zai dawo ba, kuma ba za su taɓa ta ba sai mijinta ya yarda. Ya kalle ni. Na ce kada ya kalle ni, matarsa ce. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, aka tura ta ciki.

Muka zauna a baranda, ga ƙugin teku ana ji. Can bayan azahar ma'aikacin ya fito ya ce an gama, tana barci, an yanke daga ƙasan gwiwar hannu kaɗan. Yana riƙe da farar tasa, ya miƙa wa Idrisu. Munduwar ce a ciki, an wanke ta fes tana warin maganin asibiti, babu ko ƙwarzane. Ya sa hannu ya ɗauka ya jefa a aljihu. Ban sake ganin ta ba, ban kuma tambaya ba.

Raliya ta rayu. Ta daɗe a asibiti, Haulatu tana wajena, kullum ina ce mata Inna ta yi tafiya. Da aka sallamo ta, 'yan dubiya suka cika gidan, mace ta shigo ta miƙo hannu don gaisuwa sai ta tuna, ta rasa inda za ta kai shi. Na ƙofar masallaci kuwa, waɗanda suka ce kwalba ce, sai ga su suna cewa su dama sun san irin wannan dutsen ba ya rasa iska a jikinsa. Na fita da ludayin waina a hannu na wanke su tas, har liman ya aiko a ba ni haƙuri. Masu kitso suka koma wajen wata a layin baya, ban ga laifinsu ba.

Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce wa mijinta kai ne ba. In ya shigo ta yi masa sannu da zuwa, in ya fita ta ce Allah ya tsare. Shi ma ba ya iya haɗa ido da ita. Mayafi ba ya barin kafaɗarta ta dama ko a cikin ɗaki, ko 'yarta ba ta bari ta gani. Abinci kuwa sai an kai mata ciki, ta tura ƙofa, ta ci ita kaɗai.

Na gaji da wannan zaman. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tuƙa tuwon masara da miyar kuɓewa, na shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, na ce yau tare za mu ci, ɓuyan ya isa haka, ba sata ta yi aka yanke mata hannu ba. Ta yi ta roƙo na, na ƙi. Ta fito tana bin bango ta zauna. Na zuba mata ruwa na wanke mata hannun da nawa, tun da hannu ɗaya ba ya cuɗa kansa. Idrisu yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da nasa kwanon, kansa a ƙasa.

Ta yi bisimilla, ta gutsuro tuwon da hagu, ta dangwali miya. Loma ba ta kai baki ba Haulatu ta ɗaga ɗan hannunta ta make bayan na uwar, yadda ita ma ake make nata tun da ta fara cin tuwo.

"Inna, babu kyau. Da dama ake ci."

Raliya ta mayar da lomar cikin kwano. Na buɗe baki zan tsawata, yarinyar ta riga ni, ta rarrafa ta zagaya ɗaya gefen, ta ɗaga mayafin don ta ciro mata hannun da ya kamata. Ta laluba, ta kama dungun, ta leƙa ƙasan mayafin ta sake dubawa har bayan uwar. Sannan ta ɗago kai.

"Ina kika ajiye shi?"

Raliya ba ta ja mayafin ta rufe ba. Ta ɗaga ido ta kalli bakin ƙofar ɗakin, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Je ki tambayi babanki."

Yarinyar kuwa ta miƙe ta nufe shi.